Yadda ake tantance takardun shaida kafin a sayi katifar lateks

Mai sayen katifar lateks yana biyan kuɗi ne a kan abin da idonsa ba zai gani ba. An riga an ɗinke ta cikin riga, wani lokaci ma an naɗe ta an matse cikin kwali. Abin da ke gabansa kawai shi ne tambura da aka jera a jikin leda ko a shafin mai sayarwa, irin su GOLS, GOTS, OEKO-TEX, GREENGUARD da CertiPUR. Kowane ɗaya daga cikinsu tambaya guda yake amsawa, a kan wani sashe guda na katifar, daga kamfani guda, zuwa wani lokaci ƙayyadadde. Wanda ya gane haka zai iya tantance katifa cikin rabin awa. Wanda bai gane ba, sai ya ga tambari biyar ya ɗauka komai ya kammala, alhali mai yiwuwa babu ko ɗaya da ya yi magana a kan robar da ke ciki.

Abin da ke cikin katifar

Lateks na asali farin ruwa ne da ake tatsa daga itacen roba, wanda ake nomawa sosai a Tailan, Indonesiya, Biyetnam, Indiya da Sri Lanka, a Afirka kuma Kodibuwa ce kan gaba. Itacen yakan kai shekara 6 zuwa 7 kafin a fara tsaga ɓawonsa. Ruwan da ke fita kusan kashi ɗaya bisa uku ne kawai roba, saura ruwa ne, don haka ake tace shi da inji har ya kai kusan kashi 60 cikin 100, a zuba masa amoniya don kada ya daskare kafin ya isa masana'anta.

A masana'anta ana kaɗa shi ya yi kumfa, a zuba a mazubi mai ƙusoshi, a dafa. Ƙusoshin ne ke barin ramukan da ake gani a jikin lateks. Kumfar ba za ta tsaya ta zama soso mai tsalle ba sai an haɗa ta da farar wuta, da sinadarin zink, da sabulu mai riƙe kumfa, da wasu magunguna masu gaggauta dahuwa da hana tsufa. Saboda haka babu soson lateks da yake roba zalla ɗari bisa ɗari. Mafi tsabtarsa yana kusan kashi 95 ne. Idan ka ga an rubuta "100% natural latex", ma'anar da mai gaskiya ke nufi ita ce bai sirka da robar fetur ba.

Robar fetur ɗin sunanta SBR, kuma ita ma a kasuwa lateks ake kiranta. Ana sirka ta da ta itace, sau da yawa ta fetur ɗin ce ma ta fi yawa a haɗin. Akwai kuma masu ƙara garin alli ko farar ƙasa don kayan ya yi nauyi a kan kuɗi kaɗan. Irin wannan soson yana saurin tsagewa da marmashewa, domin garin ya shiga tsakanin robar ya raunana ta.

Sannan katifa ba lateks kaɗai ba ce. Akwai riga ta waje, akwai abin da aka ɗinka a ƙarƙashin rigar don laushi, akwai shingen hana kamawar wuta, akwai gam da ya manne falle da falle, wani lokaci da sifirin ko soson foliyuritan, wato soson katifa na gama-gari, a ƙasa. Kafin ka kalli kowane tambari, ka sa mai sayarwa ya rubuta maka falle-fallen daga sama zuwa ƙasa, kowanne da kaurinsa a inci ko santimita da abin da aka yi shi da shi. Katifa mai inci 10 da lateks ɗinta inci 2 ne kacal, katifar soso ce da aka ɗora wa lateks, kuma farashinta ya kamata ya nuna haka.

Kalmar "natural" ba takarda ba ce

Babu wata hukuma da ke bin masu katifa tana auna wanda ya cancanci rubuta "natural", "eco" ko "green". Kowa na iya bugawa. Kalmar "organic", wato oganik, abin da aka noma ba tare da takin zamani ko haramtaccen maganin feshi ba, ta ɗan fi ƙarfi domin akwai ƙa'idojin noma a bayanta, amma ita ma ana wasa da ita. A shekarar 2017 hukumar FTC, mai kula da gaskiya a tallace-tallace a Amurka, ta ɗauki mataki a kan wani kamfanin katifun jarirai da ke tallata kayansa da sunan oganik, alhali yawancin abin da ke ciki soson foliyuritan ne. Kamfanin har da wani tambari da shi ya ƙirƙira ya ba kansa. Wannan dabarar tana nan har yau: ganye kore a cikin da'ira, an rubuta "certified", babu sunan wanda ya yi binciken, babu lamba. Tambarin da ba shi da lamba da sunan mai bincike ado ne kawai.

GOLS, takardar da ta shafi robar kanta

Idan abin da kake nema shi ne lateks na oganik, GOLS ce takardar. Kamfanin bincike na Control Union, mai hedikwata a Holan, shi ya fito da ita a 2012. Sharaɗinta na farko shi ne aƙalla kashi 95 cikin 100 na kayan ya fito daga gonar roba da aka tabbatar ta oganik ce, wato ba a zuba mata takin zamani ko maganin feshi da ƙa'idar ta haramta. Gonar da ta saba amfani da su sai ta yi shekara 3 ta daina kafin a amince da ruwanta. Ragowar kashi 5 an bar shi ne don farar wuta da sauran abubuwan da dahuwa ke bukata. Ba a yarda da SBR ba. Ƙa'idar ta kuma haɗa da gwajin iskar da soson ke fitarwa, da yadda masana'anta ke sarrafa ruwan dattinta, da haƙƙin ma'aikata.

Hanyoyi biyu ake bi wajen yin soson lateks, kuma sanin su yana taimakawa a nan. Hanyar Dunlop, wadda ta samo asali a Ingila a 1929, ana cika mazubi a dafa da tururi, soson ya fito da nauyi da ƙarfi, ƙasansa ya ɗan fi samansa tauri. Hanyar Talalay kuwa ba a cika mazubin, ana zuƙe iska kumfar ta kumbura ta cika shi, a daskarar da ita da sanyi mai tsanani, a busa mata iskar kabon, sannan a dafa. Yana fitowa da laushi iri ɗaya ko'ina. Kusan duk lateks mai GOLS da ke kasuwa na Dunlop ne. Idan aka ce maka ga Talalay na oganik, ka nemi takardar da ta ambaci Talalay da sunansa a jerin kaya.

Wurin da aka fi yin rufa-rufa shi ne sunan da ke jikin takardar. GOLS tana da takardu iri biyu. Ta farko ita ce ta izinin kamfani, wadda a Turance aka rubuta "Scope Certificate" a samanta. Tana nuna cewa an binciki wannan kamfani, a wannan adireshi, an yarda yana iya sarrafa waɗannan kaya, kuma shekara guda take yi. Ta biyu ita ce ta ciniki, "Transaction Certificate", wadda ke bin kaya: wane ya sayar wa wane, nauyi kaza, a kan lambar rasit kaza. Masana'antar da ke da takarda ta farko tana iya yin lateks na oganik a yau, gobe ta yi na gama-gari, har da mai sirki, duk a gini ɗaya. Don haka idan mai sayarwa ya nuna maka takardar wata masana'anta a Sri Lanka ko Indiya, abin da ya tabbatar kawai shi ne masana'antar tana da izini. Bai tabbatar da cewa shi na oganik ɗin ya saya ba. Takardar ciniki mai sunansa a matsayin mai saye ita ce ke haɗa igiyar. Mafi ƙarfi duka shi ne kamfanin da ya haɗa katifar ya kasance yana da tasa takardar izinin, da katifa a jerin kayansa.

GOTS, don riga da auduga da ulu

GOTS ta shafi zare da yadi. Ƙungiyoyi huɗu daga Amurka, Jamus, Birtaniya da Japan ne suka kafa ta. Tana da mataki biyu: idan an rubuta "organic", zaren oganik ya kai kashi 95 ko fiye, idan an rubuta "made with organic", ya kai kashi 70. Tana bin yadi tun daga gona har rini da ɗinki, tana hana wasu rinuka da sinadarai masu cutarwa. Ba ta tabbatar da cewa robar ta oganik ce. Amma idan katifar gaba ɗaya aka yi wa takardar, akwai riba babba, domin ƙa'idar ba ta yarda a sa soson foliyuritan a cikin katifa ba.

A nan ma a kula da iyakar da'awar. "An yi rigar da auduga mai GOTS" daban, "wannan katifa tana da GOTS" daban. Na farko yana iya zama gaskiya ko da audugar ita ce kawai abin oganik a cikin katifa mai kilo 40.

Akwai wata mai kama da ita, OCS, ta ƙungiyar Textile Exchange. Ita tana ƙirga yawan zaren oganik ne kawai, ba ruwanta da rini ko sinadarai. Mai "OCS 100" ya kai kashi 95, mai "OCS Blended" kuwa kashi 5 ma ya isa. Tambarin USDA Organic kuma, wanda ma'aikatar noman Amurka ke bayarwa, na amfanin gona ne. Yana iya tabbatar da ɗanyar auduga ko ruwan roba, amma ma'aikatar noman Amurka ta bayyana tun 2011 cewa kayan yadi masu GOTS za a iya sayar da su da sunan oganik ba tare da an liƙa musu tambarin USDA ba. Ganin tambarin a jikin katifa dalili ne na ƙarin tambaya.

Takardun lafiyar iska da fata

Takardun da suka gabata na oganik ne. Rukuni na biyu ba ruwansa da gona. Yana auna abin da kayan ke fitarwa ko ke ɗauke da shi ne, kuma ga mai asma ko mai saya wa jariri, wannan ya fi kalmar oganik muhimmanci.

OEKO-TEX STANDARD 100 ta fara a 1992. Ana gwada kaya a ɗakin bincike don gano fomaldihaid, ƙarafa masu guba irin su dalma, ragowar maganin ƙwari da haramtattun rinuka. Tana da aji huɗu, aji na ɗaya shi ne mafi tsanani, na kayan jarirai da yara zuwa shekara 3. Robar fetur tana iya cin wannan gwaji sarai, don haka takardar ba ta nufin kayan na itace ne. A duba kuma ko soson aka gwada ko rigar kawai.

GREENGUARD ta kamfanin gwajin kaya na UL ce. Ana sa kayan a rufaffen ɗaki a auna iskar da ke tashi daga jikinsa. Ta gama-gari tana yarda da jimillar irin waɗannan sinadarai masu tashi har maikirogiram 500 a kowace mita kubik ta iska, GREENGUARD Gold kuwa 220, kuma an tsara ta ne da makarantu da asibitoci a zuciya. Kyawunta shi ne galibi katifa sukutum ake gwadawa, har da gam. Cibiyar eco-INSTITUT da ke birnin Kolon na Jamus tana yin irin wannan aiki, kuma masu lateks suna yawan zuwa wurinta. A Jamus ɗin akwai tambarin QUL, na ƙungiyar masu katifun lateks, wanda ke tabbatar da cewa robar ta itace ce babu sirki. Ga wanda yake son na asali amma bai damu da oganik ba, QUL na daga cikin 'yan takardun da ke amsa wannan tambayar kai tsaye.

CertiPUR-US da takwararta ta Turai CertiPUR na soson foliyuritan ne kaɗai. Takarda ce mai kyau a wurinta. Amma idan ka gan ta a jikin katifar da aka ce lateks ce zalla, ta tona asiri: akwai foliyuritan a ciki, ko a ƙasa, ko a gefuna, ko an ɗinke shi siriri a cikin riga.

FSC da Fair Rubber suna magana ne a kan kula da daji da biyan masu tatsar roba haƙƙinsu. LGA ta Jamus gwajin ƙarko ce, ana birgima nauyi a kan soson sau dubbai a ga yadda zai lotsa. A Najeriya, SONCAP na kayan da aka shigo da su da MANCAP na kayan gida, duka na hukumar SON mai kula da ingancin kaya, suna nuna cika ƙa'idar inganci ne, ba sa tabbatar da oganik.

Matakan tantancewa

Ka nemi takardar kanta, cikakkiya da duk shafukanta, ba hoton tambari ba. Jerin kayan da aka amince da su yakan zo ne a shafi na biyu ko na uku, kuma shi ne shafin da aka fi ɓoyewa.

Da ta zo hannunka, abu huɗu za ka duba. Sunan kamfani da adireshinsa, su dace da wanda ya yi katifar ko wanda takardar ciniki ta nuna ya sayar masa. Ranar ƙarewa, domin GOLS, GOTS da OEKO-TEX duka shekara-shekara ake sabunta su, kuma takardar shekara uku da suka wuce ba ta da amfani ga kayan bana. Jerin kaya, a ga ko an rubuta katifa, ko soson lateks, ko yadi kawai. Sai lambar lasisi.

Lambar ita za ka kai shafin masu takardar da kanka. GOTS tana da rumbun kamfanonin da ta amince da su a shafinta, ana nema da suna ko lamba. OEKO-TEX tana da wurin da ta kira Label Check, ka sa lamba ya nuna maka ko tana aiki da abin da ta ƙunsa. UL tana da rumbun SPOT don GREENGUARD. Lambobin Control Union suna farawa da haruffan CU, na FSC kuma da FSC-C. Ka rubuta adireshin shafin da hannunka, kada ka bi mahaɗin da mai sayarwa ya turo. Idan lambar ta fito da sunan wani kamfani daban, ko ta nuna zanen gado maimakon katifa, magana ta ƙare.

Daga nan sai tambayar wuta. A Amurka, tun watan Yuli na 2007 doka ta wajabta kowace katifa ta ci gwajin harshen wuta, Birtaniya ma tana da dokarta tun 1988. Lateks yana ci da wuta, don haka dole akwai shinge. Masu katifar oganik ulu suke sawa, domin gashin tumaki ba ya saurin kamawa. Wasu suna sa yadin rayon da aka haɗa da silika. Masu araha suna sa safar zaren gilashi a ƙarƙashin riga. Idan aka zuge zif aka cire rigar irin wannan katifa, ƙananan zaruruwan suna watsuwa cikin ɗaki, su sa ƙaiƙayi da tari, kuma kawar da su wahala ne. Ka tambaya a rubuce da me aka yi shingen. Katifar da aka yi don kasuwar Amurka tana da farin ƙyalle a gefe mai lissafin abin da ke ciki da kason kowanne, a karanta shi.

Gam ma a tambaya. Wanda aka haɗa da ruwa ya fi mai kaushin wari. Wasu katifun ba su da gam ko kaɗan, an jera falle-fallen ne a cikin riga mai zif, kuma wannan tsarin ya fi sauƙin tantancewa domin za ka iya buɗewa ka ga kowane falle, wani lokaci har da sunan masana'anta a jikinsa.

Idan babu takarda

Ɗan kasuwar da ya shigo da katifa 'yan kaɗan daga Dubai, Turkiyya ko Sin sau da yawa ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan takardu, kuma ba lallai rashin gaskiya ba ne. A nan sikeli ne abokinka. Lateks na Dunlop yana da nauyin kilo 60 zuwa 95 a kowace mita kubik, mai laushi a ƙasa, mai tauri a sama. Soson katifa na gama-gari yakan tsaya ne tsakanin 18 da 40. Ɗauki katifa mai ƙafa 6 da 6, kauri inci 6. Tsawo mita 1.83, faɗi 1.83, kauri 0.15, ya ba da kusan rabin mita kubik. Idan lateks ce mai matsakaicin tauri, za ta kai kusan kilo 38 kafin a ƙara riga, mutum ɗaya ba zai ɗauke ta cikin sauƙi ba, kuma tana lanƙwashewa a hannu. Idan ta tsaya a kilo 12 ko 15, soso ne. Gwajin yana raba lateks da soso ne kawai. Ba ya raba na itace da SBR, kuma garin alli yana ƙara nauyi, don haka kada ka biya kuɗin oganik a kan shaidar sikeli.

Ka danna da hannu ka saki. Lateks yana dawowa nan take, soson da ake kira memori kuwa a hankali yake tasowa. Na itace launinsa fari ne mai sirkin ruwan madara, da ɗan ƙanshin roba mara kaushi.

Abubuwan da takarda ba ta yi maka

Ba ta kare mai borin jini daga lateks. Furotin da ke tayar da borin daga itacen yake, don haka na oganik ma yana da shi. Wankin da ake yi wa soson a masana'anta yana rage shi sosai, riga kuma tana raba shi da fata, amma wanda safar hannu ta roba ta taɓa kumbura masa fata ko toshe masa numfashi ya ga likita kafin ya saya.

Ba ta kuma nuna ko katifar za ta dace da bayanka. Wannan aikin tauri ne da kauri. Mai nauyin jiki yana bukatar tushe mai kilo 85 ko fiye a mita kubik, mai kwanciya a gefe yana bukatar falle mai laushi a sama don kafaɗa da ƙugu su nitse.

Mafi ingancin lateks ma yana lalacewa idan aka yi masa abin da ake yi wa katifar soso ko ta auduga. Kada a shanya shi a rana. Hasken rana da zafi suna ƙona robar, ta yi rawaya, ta bushe, ta fara zubar da gari, kuma ba ta gyaruwa. Idan ya jiƙe, a danne ruwan da tawul, a jingine shi a inuwa inda iska ke kaɗawa ko a kunna masa fanka. Man shafawa, kananzir da fetur suna narkar da shi, don haka a sa masa abin kariya a ƙarƙashin zanen gado. A ɗora shi a kan gado mai katakai jere da tazarar da ba ta wuce santimita 7 ba. Idan tazarar ta yi faɗi yana zurmawa, idan kuma aka shimfiɗa shi a kan siminti ko leda, danshi yana taruwa a ƙasa ya yi fumfuna, kuma yawancin kamfanoni ba sa karɓar irin wannan lalacewa a ƙarƙashin garanti.